Sarki Kulobis na Farankawa da Gidansa

Cikin sarakunan ƙabilun Jamus da suka yi watandar ƙasashen Daular Roma ta yamma bayan faɗuwarta, ba wanda baftismarsa ta juya tarihin Ikkilisiyar Turai kamar Kulobis, sarkin Farankawa, wanda Turawa ke rubuta sunansa Clovis. Daga sunan mutanensa ƙasar Faransa ta sami nata sunan, daga nasa sunan kuma aka sami Louis, wanda sarakunan Faransa goma sha takwas suka amsa. An saba ba da labarinsa a taƙaice: jarumi ne mai bautar gumaka da ya auri mace mai bi, ya yi kira ga Kristi a tsakiyar yaƙi, ya ci nasara, aka yi masa baftisma. Dukan wannan yana cikin labarin, amma wanda ya leƙa cikin gidan sarkin zai tarar da abin da ya fi haka nauyi, musamman a kan matar da ta shigo da bishara gidan.

Yawancin abin da aka sani game da shi ya fito ne daga alƙalamin Giregori, bishop na birnin Tours daga shekara ta 573 zuwa 594, wanda ya rubuta tarihin zamaninsa cikin littattafai goma, fiye da shekara 60 bayan mutuwar sarkin. Giregori yana ƙaunar Kulobis, har ya kwatanta shi da Sarki Kustantin na Roma, amma bai ɓoye jinin da ke hannunsa ba.

An haifi Kulobis wajen shekara ta 466. Mahaifinsa Kilderik yana sarautar wani reshe na Farankawa a Tournai, garin da yanzu ke cikin ƙasar Beljiyam, mahaifiyarsa kuwa Basina ce daga ƙasar Turingiya. Irin addinin gidan ya bayyana sarai a shekara ta 1653, lokacin da masu aikin gini suka yi karo da kabarin Kilderik a Tournai, suka sami zoben hatiminsa, da makamansa, da ƙananan siffofin ƙudan zuma na zinariya kimanin 300. Daga baya masu tonon kayan tarihi suka gano ramukan dawakai da aka yanka aka binne kewaye da kabarin, bisa ga al'adar masu bautar gumaka. Akwai kuma wata al'ada ta gidan da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu, domin za ta dawo a gaba da baƙin ciki. 'Ya'yan gidan sarauta ba sa aske kai. Doguwar sumar da ke sauka har kafaɗa ita ce shaidar haƙƙinsu na mulki, kuma duk ɗan sarkin da aka yi wa aski, an fitar da shi ke nan daga gādo.

Kilderik ya mutu wajen 481, Kulobis ya hau gado yana ɗan shekara 15. Shekara biyar kafin wannan aka tuɓe sarkin Roma na ƙarshe a yamma, ƙasar Gol kuwa, wato Faransa ta yau, ta rabu kashi-kashi. Bisigotawa suna riƙe da kudu maso yamma, Burgundawa suna kudu maso gabas, wani Baroma mai suna Siyagiriyus yana riƙe da Soissons da kewayenta. Talakawan ƙasar galibinsu Kirista ne masu magana da Latin, kuma da yake hukumar Roma ta watse, bishop-bishop ne suka zama iyayen birane. Ɗaya daga cikinsu, Remigiyus na Reims, ya rubuta wa saurayin sarkin wasiƙa tun yana kan bautar gumaka, ya shawarce shi ya girmama bishop-bishop, ya kula da gwauraye da marayu, kada ya sayar da shari'a.

A 486 Kulobis ya fāɗa wa Siyagiriyus ya kore shi. Baroman ya gudu Toulouse wurin Alarik na biyu, sarkin Bisigotawa, amma aka miƙa shi a ɗaure, aka kashe shi a asirce. Daga wannan yaƙi ne aka sami labarin tulun Soissons, wanda yaran makaranta a Faransa suka daɗe suna koya. Sojoji sun washe majami'u, wani bishop ya aiko yana roƙon a mayar masa da wani tulu mai daraja. A al'adar Farankawa da ƙuri'a ake raba ganima, sarki ma rabonsa kawai yake ɗauka. Kulobis ya roƙi a bar masa tulun bayan rabonsa, kowa ya yarda sai soja ɗaya, wanda ya ɗaga gatari ya sari tulun. Sarki ya haɗiye fushinsa. Bayan shekara guda, a ranar duba mayaƙa, ya iso gaban mutumin, ya kushe makamansa, ya jefar da gatarinsa ƙasa, da sojan ya sunkuya zai ɗauka sai ya tsaga masa kai, yana tuna masa da tulun. Halin mutumin ke nan tun yana ɗan shekara 21: mai haƙuri idan haƙuri zai biya, marar mantuwa, mai kuma lura da cewa zumunci da Ikkilisiya yana da amfani ga mai mulki.

Wajen 493 ya auri Kulotilda, 'yar gidan sarautar Burgundi. Mahaifinta ya riga ya mutu, tana hannun baffanta Sarki Gundobad. Giregori ya ce Gundobad ne ya kashe mahaifin nata, ya kuma sa aka jefa mahaifiyarta cikin ruwa da dutse a wuya, ko da yake masana da yawa na wannan zamani suna shakkar labarin. Kulobis ya riga ya haifi ɗa mai suna Tiyuderik da wata mace kafin wannan aure.

A nan ana bukatar ɗan bayani. Yawancin sarakunan ƙabilun Jamus da suka karɓi Kiristanci kafin Farankawa sun karɓi koyarwar Ariyus ne, firist na Iskandariya wanda ya koyar cewa Ɗan halitta ne, ba daidai yake da Uba ba. Majalisar Nikiya ta ƙi wannan koyarwa a 325, amma daga baya ta sami gindin zama tsakanin Gotawa, daga wurinsu kuma ta yaɗu. Saboda haka a Italiya da Sifen da kudancin Gol sarakuna suna bin wata koyarwa dabam da ta talakawansu. Koyarwar ta shiga har cikin dangin Kulobis, gama 'yar'uwarsa Audofileda ta auri Tiyodorik Babba, sarkin Ostorogotawa na Italiya, wata 'yar'uwar tasa mai suna Lantekilda kuma ta bi Ariyus. Kulotilda kuwa tana riƙe da bangaskiyar Nikiya, ta Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Ba ta gaji da yi wa mijinta magana a kan gumakansa ba, shi kuma bai ji ba. Da ta haifi ɗanta na fari, Ingomer, ta nace sai an yi masa baftisma, ta sa aka ƙawata majami'a da labule masu kyau ko zuciyar sarki za ta yi taushi. Aka yi wa jaririn baftisma, ya mutu tun yana cikin fararen tufafin baftismar. Kulobis ya ɗora laifin a kan Allahn matarsa, ya ce da an keɓe yaron ga allolinsa da ya rayu. Duk matar da ta taɓa zama ita kaɗai mai bi a gidan miji za ta gane nauyin wannan magana, ga makokin ɗa, ga zargin miji, ga idon dukan fada. Amsar da Giregori ya ce ta bayar ita ce godiya ga Allah da ya karɓi ɗan cikinta a mulkinsa. Abin mamaki kuma, da ta sake haihuwa, ta sa aka yi wa na biyun baftisma shi ma, aka raɗa masa suna Kulodomer. Yaron ya kwanta ciwo, sarki ya ce ga shi nan zai bi ɗan'uwansa. Kulotilda ta duƙufa ga addu'a, yaron ya tashi. Bayansa ta haifi Kildebert, da Kulotar, da 'ya mace da aka sa wa sunanta.

Juyin ya zo ne a yaƙi da Alamanawa, wanda aka saba cewa an yi shi a Tolbiyak, wato Zülpich ta ƙasar Jamus, a 496. Da Kulobis ya ga ana karkashe mayaƙansa, allolinsa kuma ba su amsa ba, ya yi kira ga Yesu Kristi wanda Kulotilda ke shaida, ya yi alkawarin karɓar baftisma idan ya sami nasara. Sarkin Alamanawa ya fāɗi, rundunarsa ta miƙa wuya. Addu'ar tana kama da ciniki, amma irin addu'ar da mutumin da ya tashi cikin bautar allolin yaƙi zai iya yi ke nan. Sarauniya ta kira Remigiyus a asirce ya fara koyar da shi. Abin da ya fi damun sarkin shi ne ko mayaƙansa za su yarda su rabu da allolin kakanninsu, gama sarkin da mayaƙa suka juya wa baya ba ya daɗewa. Suka yarda.

An yi baftismar a Reims ranar Kirsimeti. Wasiƙar taya murna da Abitus, bishop na Vienne, ya aiko tana nan har yau, ita ce ta tabbatar da ranar. Shekarar ce masana suka rabu a kai, waɗansu suna bin 496 ta gargajiya, waɗansu 498 ko 499, waɗansu kuma 508. Giregori ya ce fiye da mayaƙa 3,000 aka yi wa baftisma tare da shi. 'Yar'uwarsa Albofileda ta karɓi baftisma, ba ta daɗe ba ta rasu, Lantekilda kuma ta bar koyarwar Ariyus. Daga ranar nan bishop-bishop na Gol suka sami sarki mai takobi wanda bangaskiyarsa ɗaya ce da tasu, Farankawa da Romawan ƙasar kuma suka sami hanyar zama al'umma ɗaya, suna sujada a majami'a ɗaya, suna auratayya. Don tunawa da wannan baftisma ne aka riƙa naɗa sarakunan Faransa a Reims har zuwa 1825, kuma a 1996 Paparoma Yohanna Bulus na biyu ya ziyarci birnin don cikar shekara 1,500.

A 507 Kulobis ya nufi kudu, yana cewa ba ya jin daɗin ganin mabiyan Ariyus suna riƙe da wani sashe na Gol. Ya hana sojojinsa taɓa kome a ƙasar Tours sai ciyawa da ruwa, don girmama Martin mai tsarki wanda kabarinsa ke can. A Vouillé kusa da Poitiers ya kashe Alarik na biyu, ya ci Toulouse, Bisigotawa suka koma Sifen in ban da wani zirin gaɓar teku da suka riƙe. A shekara ta gaba Anastasiyus, sarkin Roma ta gabas, ya aiko masa da muƙamin girmamawa, ya hau doki a Tours sanye da tufafin shunayya yana watsa wa jama'a zinariya da azurfa. Daga nan ya mai da Faris mazauninsa.

Amma akwai sauran sarakunan Farankawa, yawancinsu danginsa, kuma yadda ya yi da su shi ne ɓangaren labarin da ya fi wuyar karantawa, tun da Giregori ya jera shi bayan baftismar. Sigibert Gurgu na Kolon ya sami gurguntarsa ne a yaƙin Alamanawa, ɗansa Kuloderik kuma ya taimaki Kulobis a Vouillé. Kulobis ya aika wa ɗan a asirce cewa tsohon ya tsufa, idan ya mutu sarauta tasa ce. Ɗan ya sa aka kashe ubansa yana barcin rana cikin tanti. Da manzannin Kulobis suka zo duba dukiyar mamacin, suka ce ya zura hannu har ƙasan akwatin zinariya, yana sunkuyawa suka fasa masa kai da gatari. Kulobis ya zo Kolon ya ce ba ruwansa, jama'a suka ɗaga shi a kan garkuwa suka naɗa shi. Kararik da ɗansa aka yi musu aski aka mai da su ma'aikatan Ikkilisiya, da aka ji suna maganar sake tara suma sai aka sare kawunansu. Ragnakar na Cambrai kuwa, fadawansa aka saya da mundaye, suka kawo shi a ɗaure, Kulobis ya sare shi da hannunsa tare da ɗan'uwansa. Daga baya maciya amanar suka gane mundayen tagulla ce da aka shafa wa ruwan zinariya. An ce wata rana ya tsaya gaban taro yana kukan cewa ya zama kamar baƙo, ba shi da dangin da zai taimake shi. Giregori da kansa ya ce dabara ce, yana so ya ga ko akwai wanda ya rage ya fito a kashe shi. Duk da haka bishop ɗin, a ƙarshen labarin Kolon, ya rubuta cewa Allah yana ba da maƙiyan sarkin a hannunsa domin yana tafiya da zuciyar gaskiya. A wannan wuri ƙaunar da marubucin ke yi wa mai tsaron Ikkilisiya ta rufe masa ido.

A ƙarshen mulkinsa aka rubuta dokokin Farankawa da ake kira Dokar Salik, waɗanda suka ƙayyade diyya don rage ramuwar gayya: tsabar zinariya 200 a kan ran Bafaranke ɗa, 100 a kan Baroma mai gona. A watan Yuli na 511 ya kira taron bishop-bishop 32 a Orléans. Taron ya tabbatar cewa wanda ya gudu cikin majami'a ya sami mafaka, amma ya kuma yarda cewa ba za a naɗa mutum aikin Ikkilisiya ba sai da izinin sarki ko alƙalinsa. Wato kāriya ta zo da igiyarta. Kulobis ya mutu a Faris ranar 27 ga Nuwamba na wannan shekara, yana da kimanin shekara 45, aka binne shi a Majami'ar Manzanni wadda shi da matarsa suka gina.

'Ya'yansa huɗu suka raba ƙasar kamar gonar gādo. Tiyuderik ya zauna Reims, Kulodomer Orléans, Kildebert Faris, Kulotar Soissons. Kulotilda ta koma Tours kusa da kabarin Martin, ta yi zaman gwauruwa fiye da shekara 30, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ta sha mafi ɗacin ƙoƙonta.

Ita ma ba a wanke ta sarai ba. Giregori ya ce ita ce ta zuga 'ya'yanta su ɗaukar mata fansar iyayenta a kan Burgundi a 523, alhali Gundobad ya riga ya mutu, ɗansa Sigismund ke mulki, shi kuwa ya bar koyarwar Ariyus. Aka kama Sigismund. Wani shugaban gidan zuhudu ya gargaɗi Kulodomer cewa abin da ya yi wa fursunan da iyalinsa shi za a yi wa nasa gidan, bai ji ba, ya kashe shi da matarsa da 'ya'yansa, ya jefa gawawwakin cikin rijiya. A 524 shi ma aka kashe shi a yaƙin Vézeronce. Wannan shi ne jaririn nan da mahaifiyarsa ta roƙa masa rai. Ƙanensa Kulotar ya aure matar da ya bari, 'ya'yansa maza uku kuma suka koma hannun kakarsu.

Kulotilda ta ƙwallafa rai a kan jikokin nan, tana renonsu a Faris. Kildebert ya ji tsoron kada ta ɗora su a gadon ubansu, ya kira Kulotar suka ƙulla shawara. Suka aika wa mahaifiyarsu ta turo yaran a naɗa su, ta yi murna, ta ciyar da su, ta sallame su. Da suka shiga hannu, baffannin suka aiko mata da wani mutum mai suna Arkadiyus, riƙe da almakashi a hannu ɗaya da takobi tsirara a ɗayan, ta zaɓa: a aske su su rayu ba sarauta, ko a kashe su. Cikin firgici da fushi, ba ta san abin da take faɗa ba, ta ce gara ta gan su matattu da ta gan su a aske. Manzon bai jira ta dawo cikin hankalinta ba, ya ruga ya ce sarauniya ta amince. Kulotar ya soke babban, Tiyodebald, ɗan shekara 10. Ƙaramin, Guntar, ɗan shekara 7, ya rungume ƙafafun Kildebert yana kuka, har zuciyar Kildebert ta karye ya roƙa a bar shi, amma Kulotar ya tuna masa cewa shi ya fara kawo shawarar, ya ce ko ya sake yaron ko ya mutu a madadinsa. Ya ture shi. Kakar ce ta ɗora ƙananan gawawwakin a makara, ta bi su da zabura zuwa Majami'ar Manzanni. Matar da ta iya miƙa ɗanta na fari ga Allah da godiya ta kasa, a cikin minti ɗaya, rabuwa da girman sumar gidan sarauta.

Na ukun, Kulodowald, waɗansu jarumawa suka ɓoye shi. Da ya girma ya ɗauki almakashi ya yanke sumarsa da hannunsa, ya zama firist, ya ƙare kwanakinsa a wani ƙauye a bakin kogin Seine. Garin Saint-Cloud da ke kusa da Faris sunansa yake ɗauke da shi.

'Yarta ma ba ta tsira ba. An aurar da ƙaramar Kulotilda ga Amalarik, sarkin Bisigotawa mabiyin Ariyus, wanda ya riƙa dukanta saboda bangaskiyarta har ta aika wa Kildebert ƙyalle jiƙe da jininta. Ya tafi da runduna a 531 ya karɓo ta, ta mutu a hanya, aka binne ta kusa da mahaifinta. Wani lokaci kuma Kildebert ya haɗa kai da ɗan Tiyuderik suka kewaye Kulotar cikin wani kurmi za su hallaka shi. Tsohuwar ta kwana a kabarin Martin tana roƙon kada 'ya'yanta su yi yaƙi da juna, da gari ya waye hadari mai ƙanƙara ya watsa sansanin maharan, suka nemi sulhu. Kulotar da aka cece shi ran nan shi ne ya sake haɗa dukan ƙasar a 558, a 560 kuma ya sa aka ƙone ɗansa Kiram da matarsa da 'ya'yansa mata cikin wata bukka saboda tawaye, ya mutu shekara guda bayan haka.

Kulotilda ba ta ga wannan na ƙarshe ba. Ta ƙarasa kwanakinta tana rabar da dukiyarta ga matalauta, tana gina majami'u da gidajen zuhudu, har mutanen Tours suka riƙa ganinta kamar baiwar Allah, ba kamar sarauniya ba. Ta rasu a can wajen shekara ta 545. Kildebert da Kulotar, su biyun da suka aiko mata da almakashi da takobi, su ne suka ɗauko gawarta da waƙoƙin zabura zuwa Faris, suka kwantar da ita a gefen Kulobis cikin Majami'ar Manzanni, inda jikokinta biyu suke kwance.